Harafin da Na Saka wa Kwamfutar Maradun

Mahaifina mahauci ne, kakana ma haka. A Talata Mafara aka haife ni, a unguwar da ke bayan kwata, inda ake yanka dabbobi, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya yi aikin ofis. Bayan na gama difloma a fannin kwamfuta, aka ɗauke ni a wani shiri na yi wa dabbobi allurar rigakafi. Shirin na da ofisoshi uku: babban a Mafara, inda ogammu yake, ƙanana biyu a Bakura da Maradun. Wata shida na farko a Maradun aka ajiye ni, ƙarƙashin wani dattijo mai riƙe da rajista, wanda kowa ke ce wa Malam.

Dogo ne siriri, da tabarau mai kauri wanda ya ɗaure ƙafarsa guda da zaren ɗinki. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma ba ya bari a manta. Ranar da na fara zuwa, bayan mun gama doguwar gaisuwa, ya tambaye ni ɗan gidan wa ne. Na gaya masa sunan mahaifina da sana'arsa.

"Af," ya ce. "Ashe runji na."

Haka ake ce wa mahauci a wajenmu. Ya nuna mini buta da guntun sabulu a bakin ƙofa. "Tahi ka wanke hannu. Kwamfutag ga ba ta son maiƙo."

Rabona da riƙe wuƙar fawa tun ina sakandare. Na je na wanke. Kowace safiya ta wata shidan nan sai na wanke hannu a gabansa kafin in taɓa kibod, ko da daga alwala na fito. In baƙo ya shigo ya tarar ina wankewa, sai Malam ya yi masa bayanin dalili, da fara'arsa.

Ba zan rage masa abin da yake nasa ba. Shi ya koya mini yadda ake tambayar makiyayi yawan shanunsa ba tare da ya tsargu ba, ya koya mini sunayen rugage da hanyoyinsu, da wane ardo ake fara gaisarwa kafin a sauke kular magani. Ya san aikinsa. Abin da bai sani ba kwamfuta ce. Ya iya kunna ta, ya iya shigar da suna da lamba da yatsa biyu, ya iya buga takarda. Iyakarsa ke nan, kuma ya ishe shi.

Da aka dawo da ni Mafara na ga yadda ake wahala da haɗa rajistar mako, sai na rubuta 'yar manhaja da yaren kwamfuta da ake kira Python. Ba wani babban abu ba ne, jerin umarni ne layi ɗari biyu da 'yan kai. Tana karanta abin da ma'aikaci ya shigar, ta tara shanun kowane ƙauye da kowace ruga, ta faɗi kwalba nawa ta allura za a buƙata, ta fitar da fayil guda da za a turo wa oga. Aikin yini biyu ya koma na minti ɗaya.

Sai dai yaren nan zubi biyu ne, tsoho da sabo, kuma ba komai suke fahimtar juna a kai ba. Kwamfutata da ta Bakura sabon ke cikinsu. Ta Maradun tsohuwa ce tukuf, mai farin akwati da ya koma ruwan ƙasa, tsohon zubin ne a cikinta, kuma sabon da muke amfani da shi ba ya hawa kanta ko kaɗan. An sha rubuta wa na sama a sayi wata. Ba a saya ba.

Don haka duk layin da zan rubuta sai na rubuta shi yadda zubin biyu za su karɓa. Shekara uku ina haka. In ka ce wa sabon ya raba bakwai gida biyu, zai ba ka uku da rabi. Tsohon uku zai ba ka, ya zubar da rabin bai gaya maka ba, kuma a lissafin kwalaben allura wannan rabin shanu ne masu rai. Sai na sa wani layi a can sama da ke tilasta masa rabo irin na sabon. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, sabon na shanye su kamar ruwa, tsohon kuma da ya ci karo da sunan ƙauye mai irinsu sai ya shaƙe ya tsaya. Na yi mako biyu ina lallashinsa kafin ya yarda. Akwai hanyoyi masu sauƙi, masu kyau, da nake gani a karatuna, na ƙaurace musu duka saboda akwatin nan guda na Maradun. Har wata tsohuwar laftof mai fasasshen allo na ajiye a durowa, na sa mata tsohon zubin, don in riƙa gwada komai a kanta kafin in tura.

Malam bai san da wannan ba. Shi dai yana sa filas ɗin da manhajar ke ciki a jikin kwamfuta, ya danna, abu ya fito. In ya kira ni, to ƙorafi ne: rubutun ya yi ƙanana, ko me ya sa Gidan wane ya zo gaban Gidan wane. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Ɗan runji" nake, a waya da a fili.

A shekara ta uku aka yi taro a ofishin Bakura, manya biyu suka zo daga Gusau. Suka kawo sabon fom mai ƙarin gurabe, suka ce daga watan gobe da shi kaɗai za a riƙa karɓar rajista, kuma da abin da ya nuna za a raba allurar kowace shiyya kafin damina. Ɗaya daga cikinsu ya ga yadda manhajar ke aiki, ya tambayi wanda ya rubuta. Oga ya nuna ni. Kafin in buɗe baki Malam ya riga ni.

"Ai hannuna ya koya, ranka shi daɗe. Sanda ya zo ko biro bai iya riƙewa ba, sai dai wuƙa."

Aka ɗan yi dariya. Na yi murmushi, don na saba. Aka kawo abinci, shinkafa da miya da nama. Muna cikin ci ya ɗago tsokarsa da cokali, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Kai ɗan runji, wagga ta ƙirji ta ko ta cinya? Hwaɗa muna, ka hi mu sani." Ya juya ga baƙin. "Ko daga nan ka shinshina, za ka ji. Na yi wata shida ina sa shi wanka, abin ya ƙi hita."

Ɗakin ya ɗauka. Baƙin nan suka yi dariya har ɗaya ya ƙware, oga na bubbuga masa baya shi ma yana yi. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, Hajiyar da ke riƙe da rajistar Bakura, wata mai matsakaicin shekaru da ba ta cika magana ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da cin abincinta. Ni kuwa na duba tsokar, na ce ta cinya ce. Ta cinyar ce kuwa. Suka ƙara fashewa.

Ran Litinin da safe na zauna gyara manhajar don ta dace da sabon fom. Na gama komai kafin azahar, na gwada a zubin biyu, lafiya lau. Sannan na koma layi na tamanin da huɗu, wanda ke rubuta sunan ƙauye da adadin shanunsa. A sabon zubi akwai wata gajeriyar hanya ta rubuta irin wannan layin: ka sa harafin f a gaban alamar zance, ka jera abin da kake so a ciki. Tsohon zubi bai san wannan harafin a wurin nan ba. In ya gan shi ba layin kaɗai yake ƙi ba, manhajar gaba ɗaya yake ƙin tayarwa.

Na sauya layin. Ba mantuwa ba ce, ba kuskure ba. Na jawo durowa, na fito da tsohuwar laftof, na gwada don in tabbatar ya mutu. Ya mutu. Na mayar da ita, na tura wa Bakura da Maradun abu iri ɗaya, na tashi na tafi masallaci.

Washegari Malam ya kira.

"Ɗan runji, abin ga naka ya ƙi."

"Ikon Allah. Me ya ce, Malam?"

Ya shiga karanto mini saƙon da ke kan allo, harafi bayan harafi, don Turancin ba irin wanda ya sani ba ne. Ina jin yadda yake matso da fuskarsa jikin gilashin. Har lambar layin ya karanto mini, tamanin da huɗu, da 'yar kibiyar da ke nuna wurin.

"Kashe ta ka sake kunnawa," na ce.

Ya kashe ya kunna. Ya sake kira. Na ce wataƙila zafi ne, ya bar ta ta huce. Ya sake kira. Na ce filas ɗin ne, ya nemi wani. A Maradun samun sabis sai an hau tudun bayan ofis, kuma duk kiran nan daga kan tudun yake yi, cikin ranar bazara, ya sauka ya gwada ya sake hawa. Na san tudun. Na hau shi wata shida.

Da mako ya cika ba fayil daga Maradun, oga ya kira ni ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya na tura wa kowa," na ce. "Nan yana aiki, Bakura yana aiki."

Duk gaskiya ne. A watannin nan ban yi wa oga ƙarya ko guda ba, kuma na daɗe ina jin daɗin hakan.

A mako na uku Malam ya zo da kansa. Ranar Talata ce, kasuwa ta cika, motoci sun toshe titi tun daga tasha. A lokacin hanyar Maradun ba ta da kyau, mutane ba sa shiga sai dole, in za su shiga kuma sai an yi ayari. Ya shigo da akwatin kwamfutar a rungume, ya naɗe ta da bargo ya ɗaure da igiya, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi har baya. Ya ajiye ta kan teburina a hankali. Ya tsaya yana haki.

"Injiniya," ya ce. "Duba muna ita, don Allah."

Ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Na ba shi kujera, na aika aka kawo masa ruwan sanyi. Na haɗa wayoyi, na kunna, na sa filas, saƙon ya fito. Goge harafin nan da mayar da layin yadda yake ba zai kai lokacin da ya ɗauka yana shan ruwan ba. Na yi ta danne-danne, na buɗe wannan na rufe wancan, na girgiza kai, sannan na je na kira oga.

"Ranka ya daɗe, tsufa ne. Yaren da ke cikinta an daina yayinsa, sabon kuma ba ya hawa kanta."

Oga ya dubi Malam. "To ka ji. Sai ka riƙa cike fom ɗin da hannu ka aiko, kafin a sayo wata. Ai da can da hannu kuke yi."

"Ranka shi daɗe, idanuna..."

"Kowa da idanunsa, Malam."

Na taya shi naɗe ta cikin bargon, ni na ƙulla igiyar. Na raka shi har bakin titi, na tsayar masa da mota. Da zai shiga ya ce Allah ya yi albarka.

Sabon fom ɗin gurabensa ƙanana ne, rugagen Maradun kuma suna da yawa. Sai ya bi layi ɗaruruwa yana tarawa da biro, ya cike, ya ba direba, direba ya kawo ran da hanya ta yi kyau. Takardun na isowa a makare, wasu da jimilla biyu mabambanta, wasu an tsallake ruga sukutum. Ni ake ba in shigar. In na ga kuskure ba na gyarawa, sai in zagaye shi da jan biro in kai wa oga. Rubutun hannun Malam, wanda a da ake kai wa sababbin ma'aikata su gani su koya, ya fara hawa da sauka, yana fita daga layi.

Ranar da aka rufe karɓar rajista, ta Maradun ba ta kai rabi ba. Da abin da ya iso aka yi rabo. Kwalaben da aka ba su suka ƙare tun ba a kai rugagen da ke nesa ba.

Bayan damina ta yi nisa, wata safiya na biya ta kwata zan karɓi saƙon gida. Mahaifina na tsugune gaban wata saniya da aka feɗe. Ya yafito ni, ya sa wuƙa ya ɗago huhun. Ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri, ya yi zane-zane ja da rawaya.

"Ka gani? Ta Maradun ta. Ta huɗu ke nan cikin mako." Ya yanke huhun ya jefa cikin bokitin da ake zubarwa. "Makiyaya na ta koro su kara tun ba su hwaɗi ba. Arha kamar a ba ka kyauta." Ya ɗago ya dube ni. "Ba ku ka yi musu allura ba?"

"An yi, Baba."

"To, ba ta kama ba."

Shekarar nan mahaifina ya yi yanka fiye da yadda ya saba. Nama ya wadata a gidanmu, har maƙwabta ana aika wa. Na ci tare da kowa. Ba zan iya rantsuwa cewa harafina ne ya kashe shanun nan ba. Akwai rugagen da ko da allura a hannu ma'aikata ba za su iya shiga ba saboda halin da daji yake ciki, kuma ciwon huhu yana zuwa ko an yi rigakafi. Wannan bayanin na riƙa yi wa kaina, kuma wasu ranaku yana isata.

Daga Gusau aka nemi jin dalili. Oga ya ba Malam takardar tuhuma, aka sa kwafinta cikin fayil ɗinsa, aka cire shi daga rajista aka mayar da shi sito, wurin kulolin magani da kwalaben da suka ƙare. Saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi ritaya. A makon da aka cire shi aka sayo sabuwar laftof, aka damƙa mini ita tare da rajistar Maradun, in riƙa zuwa sau biyu a wata.

Hajiyar Bakura ce ta gano. Ta ɗan iya karanta irin wannan rubutun, ta buɗe manhajar wata rana tana neman yadda za ta sauya sunan wani ƙauye. Da na je Bakura ta bari kowa ya fita cin abinci, ta juyo da allon wajena, ta sa yatsa kan layin.

"Shekara uku ina amfani da abin nan naka. Ba ka taɓa rubuta layi haka ba. Ko'ina ka bi tsohuwar hanya, sai nan."

"Zamani ne, Hajiya."

"Kada ka raina mini hankali, ƙanena. Ina wurin ranar naman."

Ta daɗe tana kallona.

"Ba zan faɗa ba," ta ce. "In na faɗa kai za a kora, shi kuma ba za a mayar da shi ba, shanun ma ba za su tashi ba. Amma ka daina ci mini abinci in ka zo."

Daga ranar gaisuwar aiki kaɗai ke haɗa mu. Muna tare a shirin har yanzu.

Ana saura 'yan makonni Malam ya ajiye aiki, na je Maradun kamar yadda na saba. Ina zaune a teburin da ya yi shekaru yana zama, sai ga shi ya leƙo daga sito, ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya shigo. Ya rame. Ya ce wasiƙa yake so a buga masa zuwa ga oga, ta roƙon a cire takardar tuhumar daga fayil ɗinsa kafin a haɗa takardun fansho, don kada a ce da ita ya fita bayan shekarun da ya yi. Ya ce hannunsa ya daina yin rubutun da za a kai wa babba.

Na buɗe sabon shafi. Ya zauna gefena yana faɗa ina bugawa. Ya fara da gaisuwa da addu'a. Ya ambaci shekarunsa na aiki, da cewa ba a taɓa kama shi da ha'inci ba. Sannan ya tsaya, ya cire tabarau ya goge.

"Rubuta: na amsa laihina. Ni na kasa bin zamani, na riƙe tsohuwar na'ura har ta mutu hannuna, na jawo ma makiyaya hasara."

Yatsuna suka tsaya kan kibod.

"Ka rubuta?"

"Ina rubutawa, Malam."

Na buga yadda ya faɗa, na mayar da shi Hausar ofis, na gyara waƙafi. Ya ce in ƙara cewa ma'aikacin kwamfuta na Mafara ya yi iyakar ƙoƙarinsa, har ya duba na'urar da kansa, don haka kada laifin ya shafe shi. Na ƙara. Na karanta masa daga farko har ƙarshe, ya ce ta yi. Firinta ta fitar, ya kanga takardar daf da hancinsa ya nemo wurin sa hannu, ya sa.

"Kai za ka kai muna ita, tunda can kake. Ka sa baki, oga na jin maganarka."

Na ce to. Na sa ta cikin ambulan, na kai ta Mafara washegari, na miƙa wa akawun oga. Ya buga mata hatimi ya ɗora kan tarin da ke gefensa. Ban sa baki ba. Malam ya kira ni sau biyu bayan ya yi ritaya yana tambaya ko an duba, na ce masa ana kai. Daga baya na ji ya koma zama wurin babban ɗansa a wani gari, lambar tasa kuma ta daina shiga.